Yadda ake gane fawul a wasan softbol

Gaggawa ce ke kayar da sababbin alƙalan softbol, wasan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda, musamman wajen kiran fawul, wato ƙwallon da aka buga ta fita wajen layukan fili. Na sha ganin mutum ya ɗaga hannu ya ƙwala "fawul" tun ƙwallo tana gangara, sai ga ta ta karkato ta dawo cikin fili, masu gudu kuwa sun riga sun tsaya. Da ka furta kalmar nan wasa ya tsaya, kuma da wuya a gyara ɓarnar.

Fara da sanin iyakarka. Layuka biyu ne suka tashi daga farantin gida, inda mai bugu ke tsayawa, ɗaya ya bi ta bes na farko, ɗaya ta na uku (bes shi ne matsayar da masu gudu ke takawa), har sandunan da ke jikin katanga. Farin layin kansa ciki ne, kamar dai a ƙwallon ƙafa. Bes ɗin biyu ciki ne, farantin gida ma haka, don haka ƙwallon da ta kwanta a kansa mai kyau ce, ko 'yan kallo sun yi ta ihu. Inda ake sa tagwayen bes a na farko, farin ɓangaren ne na ciki, mai ruwan lemo waje yake. Ni ba na fara wasa sai an sake zana layin da ya goge, farar hodar ba ta da wani tsada.

Wurin da ake shan kunya shi ne ƙafa 60 ɗin nan tsakanin gida da bes a wasan jifa mai sauri. A nan ka manta da inda ƙwallo ta fara faɗuwa. Inda ta tsaya, ko inda aka fara taɓa ta, shi ne hukunci. Wadda aka buga da gefen sanda takan sauka waje tana juyi kamar katantanwa, ta ci ƙasa, ta lallaɓo ta hau layi. Ka bi ta, ka rufe bakinka. Mai tsaron bes na uku in yana da wayo zai kai mata hannu tun tana waje, a lokacin ne za ka kira. Wadda ta daki robar da mai jifa ke tsayawa a kanta ta fice waje kafin ta kai bes, ba wanda ya taɓa ta, ita ma fawul ce.

Kada idonka ya sauka kan ƙafar ɗan wasa. Yana iya tsayawa waje ya miƙo safar hannunsa ciki, ko ya tsaya ciki ya miƙa ta waje. Ƙwallon kawai za ka duba a daidai lokacin da ta haɗu da safar. Shi ya sa nake so alƙali ya tsaya layin na tsakanin ƙafafunsa, kuma ya daina gudu kafin ya yanke.

Idan ta yi tsalle ta wuce ta saman bes, mai kyau ce ko ta sauka waje daga baya. Wadda ta tashi sama ta wuce bes, inda ta fara sauka ake dubawa. In ta daki sandar a saman katanga tun ba ta taɓa ƙasa ba, mai bugu ya zagaye fili kyauta. In an cafke ta a waje kafin ta taɓa ƙasa, an fitar da mai bugu.

Mai kyau ba a yi mata magana, nuni kawai za ka yi da hannu zuwa cikin fili. Fawul kuwa, hannu biyu sama da murya mai ƙarfi. A dokar USA Softball, hukumar wasan ta Amurka, ta wasan jifa a hankali, fawul bayan an lissafa wa mai bugu kuskuren bugu biyu yana fitar da mai bugu, saboda haka ka riƙe lissafi a kanka.