Kurakuran da ake tafkawa wajen kafa na'urar zanen yatsa a wurin aiki

Na gaji da ganin masu masana'antu a Sharaɗa da Bompai da ke Kano suna sayo na'urar ɗaukar zanen yatsa don sanin lokacin zuwan ma'aikata, sannan su afka cikin ramin da ni ma na taɓa afkawa.

Mafi muni shi ne yi wa ma'aikaci rajista da yatsa guda. Haka na yi a wata masana'antar fata da nake kula da ma'aikatanta, kuma da damina na yi rajistar, lokacin da hannu ke da laushi. Da hunturu ya shigo, yatsu suka bushe suka tsattsage, ƙura ta lulluɓe gilashin, sai na'urar ta daina gane mutane. Ni kuwa na gaskata abin da kwamfuta ta nuna, na zaftare albashin wani dattijo da bai taɓa makara ba tun kafin a ɗauke ni aiki. Sai da na taka har gidansa na ba shi haƙuri, kuma har yau kunyarsa nake ji. Yanzu yatsu huɗu nake ɗauka, biyu a kowane hannu, na ajiye tsumma da man shafawa kusa da na'urar, kuma ba na taɓa albashin kowa sai na tambayi mai gadi. Matan da suka yi ƙunshi ma na'urar kan ƙi su, don haka a bar littafin sa hannu a ajiye.

Abin da ke ƙona mini rai kuma shi ne a maƙala na'urar a sama inda mai keken guragu ba zai kai ba, ko a tilasta wa wanda inji ya guntule wa yatsa. Wannan rashin tunani ne, kuma dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018 ba ta yarda da shi ba. A ba su kati ko lambar sirri. In na'urar mai gane fuska ce, a tanadar wa mai niƙabi keɓaɓɓen wuri.

Kada a kafa ta ba tare da bayani ba, domin ma'aikata za su zaci ana haɗa ta da BVN ɗinsu, wato lambar shaidarsu ta banki. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya zanen yatsa cikin bayanan da ke buƙatar tsananin kariya, saboda haka a gaya musu wa ke riƙe da bayanan, kuma a goge na wanda ya bar aiki.

A sa mata batir saboda ɗauke wuta, a kuma saita jadawalin Juma'a da na azumi daban.