Babi na 7: Idan Birkin Baya Ya Riƙe Taya

Sannunku da ƙoƙari, 'yan uwa. Wannan babi na mai mota ne, kuma na yaron gareji ne. Ka karanta a hankali. Kalmar da ta yi maka nauyi, ka faɗe ta da ƙarfi sau biyu, sannan ka wuce.

Darasi na 1: Sanin sunaye da alamomi

Idan ka cire tayar baya za ka ga faifan ƙarfe mai juyawa tare da taya. Makanikai suna ce masa dis. A gefensa akwai wani ƙarfe da ya cije shi kamar baki. Sunansa kalifa. A cikin kalifa akwai takalman birki guda 2, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, da fistin da ke tura su idan ka taka birki. Idan ba ka ga faifai ba, ka ga abu kamar kwano a kife, to wancan diram ne, kuma wannan babi ba nasa ba ne.

Aikin kalifa biyu ne: ya kama, ya saki. Matsalarmu a yau ita ce ya kama bai saki ba. Mota takan yi nauyi, ta riƙa shan mai fiye da da, wani lokaci ka ji ƙauri.

Ga gwaji mai sauƙi. Ka bi titin Zariya zuwa Unguwa Uku ka dawo, ka tsaya. Kawo bayan hannunka kusa da wilin baya na dama, sannan na hagu. Kusa na ce, kada ka taɓa, domin faifan da ya yi zafi yana ƙona fata nan take. Wanda ya fi ɗan uwansa zafi sosai, shi ne mai riƙewa. Kada ka watsa masa ruwa, faifan zai iya lanƙwasa. Bar shi ya huce da kansa.

Darasi na 2: Ɗaga mota

Nemi wuri daidai, ba gangare ba. Sa mota a giya 1, ko a P idan otomatik ce. Sa waigi gaba da bayan tayoyin gaba, domin za ka saki hambirki. Sassauta notunan taya tun tana ƙasa. Ɗaga da jak, sannan ka sa madogarar ƙarfe a ƙarƙashi. Jak shi kaɗai ba abin yarda ba ne, bulo kuma yana fashewa.

Saki hambirki. Juya tayar da hannu. A motoci irin su Golf da Accord da Corolla, tayar baya mai lafiya tana juyawa ba gardama. Idan sai ka sa ƙarfi, to ka tabbatar da ciwon. Cire tayar.

Darasi na 3: Fin guda biyu

A nan zan daɗe, domin a nan ɗalibaina suke faɗuwa kowace shekara.

Kalifa ba a daskare yake ba. Yana zamewa gaba da baya a kan wasu ƙarafa guda 2 masu kama da yatsa, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Su ne fin. Kowanne yana da 'yar rigar roba mai tare masa ƙura da ruwa. Mu a Kano mun san ƙurar hunturu, mun san yadda ruwa yake kwanciya a titi da damina. Da zarar robar nan ta yage, ƙura ta shiga, ruwa ya bi ta, sai tsatsa ta kama fin. Fin ya tsaya, kalifa ya tsaya, taya ta riƙe.

Kwance notuna 2 na bayan kalifa da sifana. Zare kalifa, ka rataye shi da waya a jikin mota. Kada ka bar shi yana lilo a jikin tiyon man birki, tiyon zai lalace ta ciki.

Dubi takalman. Idan ɗaya ya cinye ɗayan yana da sauran nama, ko ya ci a karkace, fin nake zargi.

Yanzu kama fin na sama da yatsu biyu. Tura shi ciki, jawo shi waje. Ya tafi sumul? Madalla. Kama na ƙasa. Tura, jawo. Na ƙasa na ce. Mutane da yawa suna gwada na sama, su ji yana tafiya, su ce ai fin lafiya lau. Fin biyu ne. Idan ɗaya ya ƙi, duka aikin ya ƙi.

Zare su ɗaya bayan ɗaya, kada ka musanya musu gida, domin a wasu motocin na sama da na ƙasa ba iri ɗaya ba ne. Goge tsohon giris da tsumma. Idan da tsatsa, bi ta da sanfefa mai laushi har ƙarfen ya yi haske. Sai ramin da fin yake shiga: naɗa tsumma a siririn ƙarfe ka goge cikinsa. Kada ka mayar da fin mai tsabta cikin rami mai datti. Wanda ya yi wanka ba ya komawa cikin rigar da ta sha laka.

Sai giris. Ka nemi giris na birki, wanda ake kira silikon. Ba baƙin mai ba, ba giris ɗin boris ba. Waɗannan suna kumbura roba, bayan 'yan makonni fin ya sake kamewa. Shafa kaɗan, ba cikawa ba. Mayar da fin, ka tabbata bakin robar ya zauna a mazauninsa. Robar da ta yage a canza ta.

Yanzu sake gwadawa. Na sama: tura, jawo. Na ƙasa: tura, jawo. Idan bai tafi da ƙarfin yatsu biyu ba, ba ka gama ba. Zare, sake gogewa. Babu kunya a maimaitawa, ni ma haka na koya. Za ka iya, in sha Allahu.

Amma bari in faɗi abin da ke ɓata mini rai. Akwai ɗalibin da na koya wa wannan sau 3 a gaban mota. Da ya je gida sai ya tsallake shi, ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo kalifa na hannu, ya ɗaura a kan tsofaffin fin ɗin nan masu tsatsa. Taya ta ci gaba da riƙewa, kuɗin cefanen iyali ya tafi. Haba! Wannan ba rashin sani ba ne, garaje ne. Kada in sake jin wani a ajin nan ya sayi kalifa bai duba fin ba. Guda nawa ne? Biyu. Rubuta amsar a littafinka.

Darasi na 4: Fistin

Idan fin duka biyu lafiya, sai fistin. Dubi fuskarsa. Idan ka ga tsagi a kanta, kamar yadda yake a Golf da Accord da yawa, to ba a danne shi kai tsaye. Juya shi ake yi ana turawa a lokaci guda, da abin aikin da aka yi don haka. Idan ka danne shi da ƙarfi, za ka fasa abin hambirki da ke cikinsa. Idan ya ƙi komawa, ko robarsa ta yage, ko man birki yana tsatsafowa, a nan ne ake canza kalifa.

Motar da hambirkinta maɓalli ne ake latsawa, kada ka taɓa. Kai wa mai kwamfutar mota.

Darasi na 5: Tiyo da kebur

Mayar da kalifa. Taka birki ka saki. Idan faifan ya riƙe, sassauta ɗan ƙaramin notin fitar da iska na jikin kalifa kaɗan, ka ƙulle nan da nan. Idan mai ya fito faifan ya saki, matsi ne ya maƙale a baya, kuma sau da yawa tiyon ne ya toshe ta ciki. A canza shi, a fitar da iska.

Kebur ɗin hambirki ma yana kamewa. Wani ya ja ya saki, kai ka duba ko hannun ƙarfen da ke bayan kalifa yana komawa wurinsa.

Darasi na 6: Kafin ka tashi

Takalmi ana canza shi dama da hagu tare. Man birki, duba murfin tulunsa, a nan aka rubuta irin man da motar take so, ko DOT 3 ne ko DOT 4. Ɗaure taya, sauke mota, ƙara ɗaure notuna.

Kada ka motsa mota sai ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri a ƙafarka. Gwada shi a hankali cikin layi, sannan ka sake auna zafin wilin biyu da bayan hannu.