Yadda za ka zana aikin litiyam da inositol a takarda har ka gane shi

Ɗalibaina na ilimin magunguna sukan so su haddace darasin yadda litiyam, maganin cutar baifola (ciwon da ke kai mutum tsakanin zumuɗi mai tsanani da baƙin ciki mai tsanani), ke shafar sinadarin inositol a ƙwaƙwalwa, ni kuwa farar takarda nake miƙa musu. Kai ma ɗauki biro.

Zana da'ira, a samanta ka rubuta PIP2, wani kitse da ke jikin fatar ƙwayar ƙwaƙwalwa. Saƙo na isowa, enzayim (furotin mai hanzarta sauyin sinadarai) mai suna PLC zai tsaga shi gida biyu, DAG da IP3. IP3 ne ke buɗe ma'ajiyar kalsiyam ta cikin ƙwayar, kalsiyam ya fito ya isar da saƙon. Daga nan a riƙa ɓalle wa IP3 fosfet ɗaya bayan ɗaya har ya koma inositol zalla, a sake gina PIP2 da shi.

A ɓallewar ƙarshe rubuta IMPase, enzayim ɗin da ke yin ta, ka ja masa jan layi. Nan litiyam ke tare hanya, sai inositol ya ragu a cikin ƙwayar. Abin da ke burge ni shi ne ba ya kama enzayim ɗin sai yana tsaka da aiki, don haka ƙwayar da ta fi rawar kai ita ta fi shan birki, mai natsuwa kuwa kusan ba ruwansa da ita. Kuma inositol na jini ba ya ratsawa cikin ƙwaƙwalwa da sauƙi, balle ya cike giɓin. Allison da Stewart sun ga raguwar inositol a ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka ba litiyam a 1971, Michael Berridge da abokan aikinsa suka gina nazariyyar cewa ta wannan raguwa litiyam ke aiki a shekarun 1980.

Kada ka ɗauka magana ta ƙare. A gefe rubuta GSK-3, wani enzayim da aka gano a 1996 cewa litiyam na danne shi. Har yau ana muhawara kan danne wanne cikin enzayim biyun ne ke kwantar da cutar baifola.

Sai tambayar da ɗalibai ba sa fasawa: mai shan litiyam zai iya shan ƙwayoyin inositol? Wani ƙaramin gwaji a 2004 ya nuna giram 6 a rana ya sassauta ciwon fata na soriyasis ga masu shan litiyam. Amma duba zanenka, abin da maganin ke ragewa ne ake ƙarawa. Kada majinyaci ya fara sai da sanin likitansa, kuma a ci gaba da awon litiyam a jini awa 12 bayan sha na ƙarshe.