Tantanin tace iskar oksijin: inda masu manyan injinan wuta ke yin kuskure

Iskar da injin gazuwal ke zuƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin. Kashi 78 naitrojin ne, wanda ba ya ci da wuta, sai dai ya kwashi zafi ya fice ta bututun hayaƙi. Tantanin roba da ake sawa a hanyar iskar injin yana barin oksijin ya ratsa shi da sauri fiye da naitrojin, har a samu iska mai oksijin kusan kashi 30. Mai ya ƙone sarai, baƙin hayaƙi ya ragu.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a ga hayaƙi ya washe a ɗauka an gama. Ƙarin oksijin na ɗaga zafin harshen wuta, zafin kuma na haɗa naitrojin da oksijin su zama gurɓatacciyar iskar NOx mai cutar da huhu, wadda sau da yawa ido ba ya kamawa a bakin bututu. Bawul da kan fistan ma suna shan wuya. Gyaransa: a ƙara oksijin kaɗan-kaɗan daga kashi 23, a jinkirta lokacin fesa mai, a mayar da wani ɓangare na hayaƙin da aka sanyaya cikin injin, ana auna hayaƙin da na'ura a kowane mataki.

Sai ƙura. A Maradi, hazon hunturu kan toshe matatar iska cikin ɗan lokaci, ga man kwampreso (injin da ke matsa iska zuwa tantanin) da ke bin iska ya lulluɓe tantanin, ɓarnar da da wuya ta gyaru. A sa matatar ƙura, sannan mai cire ruwa, sannan mai kama mai, duka kafin tantanin. A ɗora ma'aunin matsi gaba da bayan kowace matata. Da zarar tazarar ta ƙaru, a canza.

Zafin Afrilu da Mayu, da kan wuce digiri 40, yana rage ingancin tacewa, balle iskar da ta fito daga kwampreso da zafinta. A sanyaya ta tukuna.

Kada giris ko tsumma mai maiƙo ya kusanci bututun oksijin. Gobara ce.

Akwai kuma tantanin yumɓu da ke ba da oksijin kusan zalla, amma sai ya kai digiri 800 zuwa 900 yake aiki. Na manyan tashoshi ne. Kafin a biya kuɗin ko wane iri, a lissafa wutar da kwampreso zai ci, a cire ta daga ribar gazuwal. A ƙaramin injin shago, yawanci ba abin da zai saura.