Yadda Ake Ƙiyasta Yawan Kifin Teku Daga Abin da Taru Ya Kamo

Abin da taru ya fito da shi wani kaso ne kawai na kifin da ke gabansa. Ƙananu suna zurarewa ta idanun raga, masu kwanciya a ƙasa suna bi ta ƙarƙashin igiya, masu ƙarfi kuma su tsere. Aikin mai bincike shi ne gano girman wannan kason.

Da farko, raba yankin gida-gida bisa zurfin ruwa, sannan ka zaɓi wuraren jan taru ta hanyar ƙuri'a. Kada ka bi inda masunta suka ce kifi ya taru, don lissafin zai kumbura. Kowane ja ya zama iri ɗaya: a binciken Tekun Arewa na Turai, ƙa'idar ita ce minti 30 a gudun kusan kilomita 7.4 a awa.

Sai ka lissafa filin da tarun ya share: nisan ja sau faɗin bakinsa. Misali, kilomita 3.7 sau mita 20 ya ba da murabba'in kilomita 0.074. In an kamo kilo 37, ke nan kilo 500 a kowane murabba'in kilomita.

Nan ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa. In tarun rabin kifin da ya tarar yake kamawa, ainihin adadin kilo 1,000 ne a kowane murabba'in kilomita. Kuma wannan kaso yana sauyawa da nau'in kifi, tsawonsa, da dare ko rana. Hanya mafi inganci ta kwatanta kayan aiki ita ce jirage biyu su ja kafaɗa da kafaɗa. Haka Amurka ta yi a 2008, kafin sabon jirgin bincikenta, Henry B. Bigelow, ya gaji tsohon, Albatross IV. Duk wanda ya sauya jirgi ko taru bai yi wannan ba, zai ɗauka kifi ne ya ƙaru alhali raga ce ta fi kamu.

Wajen shigar da alƙaluma cikin kwamfuta, kada ka zubar da jan da ya fito fayau. Shi ma bayani ne. Yi lissafin hawa biyu: yiwuwar samun kifin a wurin, sannan yawansa in an samu. Saka zurfi, zafin ruwa, shekara da jirgi a ciki. Manhajar R, ta nazarin alƙaluma a kwamfuta, tana yin wannan.

In za ka fitar da sakamako, haɗa shi da iyakar kuskurensa ta sama da ta ƙasa, domin da shi hukumomi ke yanka adadin da za a bari a kama.