Kurakuran da ma'aurata ke yi wajen bitar tafiye-tafiyen shekara

Da shekara ta zo ƙarshe muka zauna ni da maigidana muna tuna wuraren da muka je. Ba mu yi minti goma ba musu ya kaure. Shi ya ce tafiyar watan Afrilu ce ta fi kowacce muni, ni kuwa ita na fi so. Da muka bi diddigi, ashe abin da ya tsaya masa a rai awa bakwai ne da muka yi zaune a filin jirgi ranar dawowa, ga jakarmu ɗaya da ba ta iso ba sai bayan kwana uku. Rana ɗaya tak ta shafe masa kwana tara na jin daɗi.

Kuskuren da ya fi yawa ke nan: a yanke wa tafiya hukunci da yadda ta ƙare. Haka ƙwaƙwalwa take aiki. Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan Adam da ya samu kyautar Nobel a 2002, ya gwada wannan da abokan aikinsa a 1993. Sun sa mutane tsoma hannu a ruwa mai sanyi na daƙiƙa 60. A wani zagayen suka yi 60 ɗin, aka ƙara musu 30 ruwan yana ɗan rage sanyi. Da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita, yawancinsu suka ɗauki mai tsawon, don ƙarshensa ya fi sauƙi. Saboda haka kada ku fara da tambayar "yaya ka ga tafiyar?" Ku buɗe hotuna ku bi su rana-rana, tun daga ranar tashi. Kafin mu kai kwana na huɗu maigida da kansa yake dariya yana cewa, "Au, wannan ma a tafiyar ne?"

Na biyu ya fi zafi, kuma ba a cika lura da shi ba. Mutum ɗaya ne yake ba da labari, ɗayan yana gyaɗa kai. Yawanci wanda ya sayi tikiti ya kama masauki shi ke riƙe da bakin magana, don a ganinsa shi ya san tafiyar. Alhali ko kujera ɗaya kuka zauna, kowa da irin tafiyar da ya yi. Abin da ya yi mana amfani shi ne kowa ya ɗauki takarda ya keɓe, ya rubuta abu uku: abin da yake so a sake, abin da ba ya so a sake, da abin da ya dame shi amma ya yi shiru. Na ukun nan shi ne magana. A nan na gano cewa jerin wurare biyar da nake tsara mana kullum gajiyar da shi yake yi, kunya ce ta hana shi faɗa. Na ce, "Maigida, shekara guda kana bina kana haki ba ka ce uffan ba?" Ya ce ya ga ina murna ne. Sai dai a kula, zaman bita ba kotu ba ne. Da zarar "ai na gaya miki" ta fito, an tashi daga bita an koma tonon silili.

Hotuna kuma, mutane suna tura wa juna ta WhatsApp su ɗauka sun adana. Manhajar tana rage ingancin hoto, tana kuma cire bayanin rana da wurin da aka ɗauke shi, sai fa in an tura shi a matsayin fayil. Ku buɗe kundi ɗaya na haɗin gwiwa a intanet, kamar a manhajar adana hotuna ta Google Photos. Ku tuna kuma gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta har da Gmail a ciki, kuma tun Yunin 2021 hotuna suna cin wannan wurin. In ya cika, adanawa ta tsaya, saƙon imel ma ya daina shigowa.

Lissafin kuɗi ba sai na ja shi ba: kowa na tuna tikiti da otal, a manta motar haya, kuɗin biza da na wuce nauyin kaya. Bayanin banki ba ya mantuwa, shi za ku duba.

Kuskuren da ke jefa mutane cikin matsala ta gaske shi ne ɗaukar cewa sabuwar shekara tana share lissafin kwanaki. Mai ziyara a ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, kwana 90 yake da su cikin kowane kwana 180, kuma baya ake ƙirgawa daga ranar da kake ciki. Ɗaya ga Janairu ba ta goge komai. Kowa kuma da nasa lissafin, musamman in ɗayanku ya taɓa tafiya shi kaɗai. Ku ɗauko fasfo biyun ku duba ranar ƙarewa, don ƙasashe da dama ba sa karɓar wanda bai da sauran wata shida. A daren muka duba namu, nawa saura wata biyar, mu kuma muna ta tsara tafiyar Maris.