Yadda matashi zai kafa sana'ar kansa bisa ƙa'ida bayan kammala karatu a Sakkwato

Yawancin ɗaliban da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ke yayewa sukan fito da wata iyawa baya ga takardar shaida. Wani ya ƙware a zanen talla da katin biki, wata a buga kundin bincike da tsara shi, wani a ɗaukar hoto ko fassara. Abin da ke mayar da irin wannan iyawa sana'a shi ne tsari: suna mai rajista, asusun banki na daban, da rubutacciyar yarjejeniya.

Da farko, matashi ya tsayar da aiki ɗaya da zai iya bayyana shi cikin jimla guda, domin wanda ya ce yana zane da gyaran waya da fassara da sayar da data ba a tunawa da shi idan buƙata ta taso. Ya duba kusa kafin ya hangi nesa. Dukawan da ke ɗinka jakunkuna da takalma da fatar jar akuyar Sakkwato suna buƙatar mai ɗaukar hoton kayansu ya tallata a Facebook da WhatsApp, fataken da ke zirga-zirga tsakanin Illela da Konni kuma sukan nemi wanda zai fassara musu takarda daga Faransanci.

Daga nan sai rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi cewa wanda ke kasuwanci da wani suna da ba nasa na yanka da na mahaifinsa ba ya nemi rajista cikin kwanaki 28 da fara aiki. Mai aiki shi kaɗai ba ya buƙatar cikakken kamfani, rajistar sunan kasuwanci ta wadatar, kuma ta fi araha. Ana yin ta a shafin hukumar na intanet: a gabatar da sunan da ake so, idan an amince sai a cike bayanai, a haɗa da lambar NIN da hoto da sa hannu, a biya kuɗi. Ya tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa sun dace da abin da ke kan NIN harafi da harafi, domin wanda aka rubuta Muhammadu a wuri ɗaya da Muhammad a wani wurin zai sha jeka-ka-dawo. Idan wakili ne zai yi masa, adireshin imel da lambar sirri su zama nasa, ba na wakilin ba.

Da takardar CAC da lambar haraji ta TIN da BVN zai buɗe asusun banki da sunan sana'ar. Wannan asusu shi ne katanga tsakanin uwar kuɗi da kuɗin cefane. Duk ladan aiki ya shiga can, ya yanka wa kansa wani abu a ƙarshen wata, ragowar ta tsaya don data da gyaran kwamfuta da batir, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi kan wuce digiri 40, wuta kuma ba a dogara da ita.

A ganina, wurin da matasa suka fi faɗuwa shi ne maganar kuɗi da mutanen da suke jin nauyi. Abokin mahaifi zai kira ya ce, "Ɗana, yi mini katin ɗaurin auren ƙanwarka, za mu yi magana daga baya." Kunya ta hana yaro faɗin farashi, biki ya wuce, maganar ta bi ruwa. Maganin wannan shi ne a faɗi farashi cikin ladabi tun kafin a taɓa kwamfuta: "Baba, aikin naira kaza ne, amma na rage maka kaza." Ragin da aka ambata alheri ne da za a gani, aikin da ba a yi cinikinsa ba kuwa ba a ma san an yi kyauta ba. Sannan a karɓi kafin alƙalami, rabi ko abin da ya kusanci haka, a rubuta abin da aka yi ittifaƙi a kai ko da a saƙon WhatsApp ne: irin aikin, ranar miƙawa, sau nawa za a yi gyara kyauta, da ranar cikon kuɗi. Babu abin jin nauyi a nan, tunda aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, umarni take yi da rubuta bashi. Kowane biya kuma a yanka masa rasidi mai lamba da kwanan wata.

Mai son samun aiki daga mutanen Amurka ko Ingila zai iya buɗe shafi da sunansa na gaskiya a Upwork ko Fiverr, wato dandalin intanet da ke haɗa masu ba da aiki da masu yin sa, ya karɓi kuɗinsa ta Payoneer (kamfanin tura kuɗi ta intanet) ko asusun dala na banki. Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari na kowane aiki, don haka a lissafa wannan a cikin farashi. Kada ya sayi shafin wani, kada kuma ya ara wa kowa asusunsa a turo kuɗi ta ciki, domin idan kuɗin damfara ne, mai asusun hukumar EFCC za ta fara nema. Matashin da daloli ke shigo masa yana zaune a ɗaki da kwamfuta ba ya rasa masu zargi a unguwa, kuma takardar CAC da rasidansa su ne amsarsa.

Harajin mai sana'ar kansa ana biyan shi ne ga hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune, kuma ana miƙa bayanin kuɗin da aka samu a shekarar da ta gabata kafin ƙarshen Maris. Dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara. CAC ma tana jiran bayanin shekara daga masu sunan kasuwanci kafin ƙarshen Yuni, wanda ya yi sakaci kuma tara ce ke taruwa masa, har a nuna sunan sana'arsa a matsayin wadda ba ta aiki a ranar da wata ma'aikata za ta duba shi kafin ta ba shi kwangila.